JAKARTA: SITON KAMFANI YA ZAMA BIRNI, MANYA KUMA SUNA SHIRIN ƘAURA

Cikin watan Nuwamba na 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da sabon lissafin manyan biranen duniya, sai ga Jakarta ta ƙasar Indunusiya a kan gaba da mutum kusan miliyan 42, in an haɗa da garuruwan da suka manne mata. Watau ta ture Tokyo ta Japan, wadda ta yi shekara da shekaru tana riƙe da wannan matsayi. Abin mamaki, a daidai lokacin da a ke yi wa birnin wannan kirari, Gwamnatin ƙasar tana can tsibirin Borniyo tana saran daji tana gina sabuwar hedkwata, domin ta tattara nata-ya-nata ta bar Jakarta. Dalilan da aka bayar su ne cunkoso, da gurɓatar iska, da kuma babban cikinsu, arewacin birnin yana nutsewa cikin teku.

Jama'armu sun san Indunusiya ta wajen alhazanta, waɗanda suka fi na kowace ƙasar waje yawa a Makka, yara kuwa sun san ta ta wajen taliyar Indomie wadda uwar kamfaninta ke zaune a Jakarta. Amma kaɗan ne suka san cewa wannan ƙasaitaccen birni daga siton ajiye kaya na wani kamfanin Turawan Holan ya taso. Wanda ya bi labarin tun daga tushe zai ga cewa ƙaurar da a ke shirin yi yanzu tsohuwar al'ada ce a can. Kusan shekara 300 ke nan, duk sa'ad da wata unguwa ta lalace saboda ruwa, sai manya su matsa gaba su nemi wuri mai tudu da iska, su bar talaka da sauro da ambaliya. A ganina wannan al'ada ita ce ciwon Jakarta, kuma sabuwar hedkwata ba za ta warkar da shi ba.

Tun kafin Bature ya zo akwai tashar jiragen ruwa a bakin kogin Ciliwung, a arewa maso yammacin tsibirin Jawa, ana kiranta Sunda Kelapa, inda fatake ke zuwa sayen masoro. Cikin 1522 sarkin Sunda ya ƙulla yarjejeniya da Turawan Fotugal, amma kafin su kafu sai wani jarumi Musulmi mai suna Fatahillah ya ci tashar cikin 1527, aka sa mata suna Jayakarta. Har gobe ran 22 ga watan Yuni na wannan shekara hukuma ke ɗauka ranar haihuwar birnin. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce Bature fili ya tarar.

Cikin 1602 attajiran Holan, waɗanda a da kowa ke tura nasa jirgi gabas suna ta karya wa juna farashi, suka haɗa jari suka kafa kamfani ɗaya wanda a ke taƙaita sunansa VOC, watau Haɗaɗɗen Kamfanin Indiya ta Gabas. Gwamnatin Holan ta ba shi takardar izni irin wadda ba a saba ba ɗan kasuwa ba. Cikin mutanen Holan shi kaɗai zai yi ciniki daga ƙarshen Afirka ta Kudu zuwa gabas, kuma yana da ikon ɗaukar soja, da gina ganuwa, da yin yaƙi, da ƙulla alkawari da sarakuna. Mutum 17 ne ke juya shi daga gida. Abin da su ke nema kayan yaji ne, masoro da kanumfari da gyaɗar ƙamshi da kirfa, waɗanda a zamanin ribarsu a Turai ta fi gaban misali. Wanda ya san labarin kamfanin Goldie da ya riƙe bakin Kwara kafin 1900 ya san irin wannan dabba, sai dai na Holan ya girme shi da kusan shekara 300, ya kuma fi shi haƙori.

Wajen 1610 sarkin Jayakarta ya yardar wa kamfanin ya gina sito a gabashin kogin. Samun wuri! Da aka naɗa Jan Pieterszoon Coen Gwamna-Janar cikin 1618, sai ya ɗaga bangon siton ya jera igwa a kai, bakinsu na duban gidan sarki. Sarki ya haɗa kai da Ingilishi aka kewaye Turawan Holan, Coen ya sulale ya tafi tsibiran Maluku neman taimako. Ya komo da jiragen yaƙi, ran 30 ga watan Mayu 1619 ya afka wa garin ya ƙone shi ƙurmus, ya kori mutanensa. A kan tokar ya zana sabon gari. Ya so ya raɗa masa sunan mahaifarsa, Hoorn, amma iyayen gidansa suka zaɓi Bataviya, sunan wata tsohuwar ƙabila da mutanen Holan ke ɗauka kakanninsu ne.

To, me ya sa wannan wuri ya bunƙasa alhali kuwa fadama ce? Da farko, yana kusa da mashigin Sunda, ƙofar da jiragen Holan ke bi in sun fito daga ƙarshen Afirka, ba sai sun ratsa ta Malaka inda Fotugal ke tsare da hanya ba. Na biyu, shi ne kuwa babba, kamfanin ya tilasta wa kusan dukkan jiragensa na Asiya su biyo ta Bataviya. Coen ya gane cewa Turai ba ta da wani abin kirki da mutanen Asiya ke so in ban da azurfa, saboda haka ya mai da kamfanin dillali tsakanin mutanen Asiya su kansu. A sayi tufafi a Indiya a kai Maluku a musanya da kanumfari, a kai siliki Japan a karɓo azurfa da jan ƙarfe, jiragen Sinawa kuma su kawo shayi da tangaran har bakin tasha. A Bataviya a ke sauke kaya, a nan a ke rubuta lissafi, daga nan Gwamna-Janar ke aika umurni tun daga Japan har Farisa. Kai, ko garin Cape Town na Afirka ta Kudu wannan kamfani ne ya kafa shi cikin 1652, don jiragen da ke kan hanyar Bataviya su sami wurin ɗiban ruwa da sayen nama da ganye. Daga baya ya zama wurin da a ke jefa waɗanda suka yi wa kamfani taurin kai, irin su Shehu Yusuf na Makassar wanda aka kai can cikin 1694.

Cinikin kuwa da bakin bindiga a ke yinsa. Cikin 1621 Coen ya tafi tsibiran Banda, inda a zamanin nan ne kawai gyaɗar ƙamshi ke fitowa, saboda mutanensu sun ƙi su sayar wa kamfani shi kaɗai. Cikin mutum wajen 15,000 akasari aka kashe, ko yunwa ta kashe su, ko suka gudu, wasu ɗaruruwa kuma aka kwaso su bayi zuwa Bataviya. Sarkin Mataram, Sultan Agung, wanda ya fi kowa ƙarfi a Jawa, ya kewaye garin sau biyu, cikin 1628 da 1629, amma kamfani ya ƙone rumbunan shinkafar da ya tanada a kan hanya, yunwa da cuta suka karya rundunarsa. Coen kansa a cikin kewayewa ta biyu ya kwanta ciwo ya mutu.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne su wane ne suka zauna cikin garin. Jawawa, watau masu ƙasa, an hana su zama cikin ganuwa don tsoron kada su yi tawaye. Sinawa aka jawo su zama magina da masu kanti da masu noman rake, tun 1619 aka naɗa musu sarkinsu, Souw Beng Kong. Aikin ƙarfi kuwa bayi ne, daga Bali da Sulawesi da gaɓar Indiya. A ƙidayar da aka yi cikin 1673 an sami mutum kimanin 27,000, wajen rabinsu bayi, Turawan Holan kuwa 2,000 da ɗan ɗori. Watau gari ne na baƙi zalla, kowa an kawo shi ne don ya yi wa kaya hidima. Daga auratayyar waɗannan baƙi aka sami mutanen da a yau a ke kira Betawi, su ne kuma a ke ɗauka 'yan asalin Jakarta. Sunansu ma daga Bataviya ya fito.

Turawan suka gina garin kamar suna gida. Suka haƙa hanyoyin ruwa a miƙe suna ratsa juna irin na Amsterdam, suka jera dogayen gidaje na tubali a gefe, domin kwale-kwale ya kai kaya har ƙofar sito. A Holan sanyi a ke yi, nan kuwa ƙasar zafi ce da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Masu matsar rake suka sare dazuzzukan bayan gari don itacen wuta, laka ta riƙa gangarowa, sa'an nan girgizar ƙasa ta 1699 ta zubo da tuddai cikin kogi. Hanyoyin ruwan nan suka cushe suka zama kwatami, a ciki a ke zubar da ƙazanta, daga kogin kuma a ke ɗiban na sha. Bakin teku ya yi ta ja da baya yana barin taɓo, talakawa suka haƙa tafkunan kiwon kifi a wurin, sauro ya sami gida. Daga 1733 zazzaɓin cizon sauro ya shiga kashe ma'aikatan kamfani dubbai, sabon zuwa da yawa ba ya cika shekara. Garin da a ke yi wa kirari Sarauniyar Gabas ya koma ana ce masa Makabartar Turawa. Cikin 1770 Kyaftin James Cook na Ingila ya tsaya gyaran jirginsa a can da mutanensa lafiya lau, kimanin 30 suka mutu, wasu a garin wasu a kan hanya bayan sun tashi.

Me manyan kamfani suka yi? Ba su san sauro ne ke kawo cutar ba, wannan ba a kama su da laifi, ilmin bai zo ba tukuna. Amma sun san wari, sun kuma ga inda a ke mutuwa. Maimakon su zuba kuɗin gyara sai mai hali duk ya sayi fili a kudu inda ƙasa ta ɗan yi tudu, ya gina gida mai lambu. Cikin 1745 Gwamna-Janar van Imhoff ya kafa wa kansa gidan hutu a gindin duwatsu, tafiyar kilomita wajen 60, ya sa masa suna Buitenzorg, ma'anarsa Ba Damuwa. Shi ne garin Bogor na yanzu. Sojan haya da matuƙa jirgi da bayi su aka bari a bakin kwatami.

Kafin wannan da shekara biyar garin ya ga abin da ya fi annoba muni. Farashin sukari ya faɗi, dubban Sinawa leburorin rake suka rasa aiki, hukuma ta fara kama su, jita-jita ta bazu cewa waɗanda aka ce za a kai Silon a teku a ke jefa su. Na bayan gari suka yi bore. Ran 9 ga watan Oktoba 1740 soja da matuƙa jirgi da sauran mazauna suka faɗa wa Sinawan cikin ganuwa, waɗanda ba su da hannu, har da marasa lafiya a asibiti da na cikin kurkuku. Kimanin mutum 10,000 aka hallaka. An kama Gwamna-Janar Valckenier daga baya, ya mutu a tsare ba a gama shari'arsa ba. Waɗanda suka tsira aka ware musu unguwa a wajen ganuwa, Glodok, kuma wannan unguwa ce aka sake ƙonawa a tarzomar watan Mayu 1998 wadda ta kai ga saukar Shugaba Suharto.

Kamfanin kansa bashi da cin hanci da yaƙi da Ingila suka cinye shi, aka rushe shi a ƙarshen 1799, Gwamnatin Holan ta gaji ƙasarsa da bashinsa. Mutanen Holan har ba'a su ke yi, wai haruffan VOC na nufin wanda rashawa ta kashe. Gwamna-Janar Daendels, wanda ya yi mulki daga 1808 zuwa 1811, ya dubi tsohon garin ya ga ba ya gyaruwa, sai ya sa aka rushe ganuwa da gidan gwamna, aka kwashi duwatsun aka gina sabon mazaunin hukuma 'yan kilomita a kudu. Sunan sabuwar unguwar Weltevreden, watau Hankali Kwance. Mai karatu ya dubi sunayen nan biyu, Ba Damuwa da Hankali Kwance, ya tambayi kansa hankalin wa ya kwanta. Wannan ita ce ƙaura ta farko da hukuma ta yi da kanta.

Ƙarni na 19 ba sai mun daɗe a kansa ba. Daga 1830 aka tilasta wa manoman Jawa noman gahawa da rake da baba don Gwamnati, ribar ta tafi Holan. Aka buɗe mashigin Suwez cikin 1869, jirgin ƙasa ya haɗa Bataviya da Bogor cikin 1873, daga 1877 kuma aka fara gina sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi a Tanjung Priok, wadda har yanzu ita ce babbar tashar ƙasar. A wannan zamani ne, tsakanin 1831 da 1872, Holan ta ɗebi 'yan Afirka wajen 3,000 daga Elmina ta ƙasar Gana ta yanzu ta kai su Jawa aikin soja, da yawansu bayi ne da aka sayo ta hannun Asante daga ƙasashen da ke arewa da su. Atamfar Holan da matanmu ke ji da ita ma nan asalinta ya ke, masaƙun Holan ne suka kwaikwayi rinin batik na Jawawa da inji, Jawawa suka raina shi, kasuwarsa ta buɗe a Afirka ta Yamma.

Mu koma kan ruwa, don shi ne zancen. A farkon ƙarni na 20 aka zana wa Turawa da masu hali sabuwar unguwa, Menteng, mai faffaɗan titi da itatuwa, kamar dai Barikin garuruwanmu. Bayan ambaliyar 1918 aka haƙa babbar magudana ta yamma don kare tsakiyar gari. Cikin 1922 aka jawo ruwan marmaro daga wajen Bogor ta bututu, amma gidajen Turawa aka fi nufi da shi. Mutanen unguwannin talakawa, waɗanda a can a ke kira kampung, sai famfon kan titi in akwai, ko rijiya, ko kogi, ko 'yan garuwa. Wani ɗan Betawi, Mohammad Husni Thamrin, ya yi shekaru cikin majalisar gari yana faɗa kan a gyara waɗannan unguwanni, abin da aka ba shi bai taka kara ya karya ba. A wannan lokacin ma Gwamnatin mulkin mallaka ta yi shirin komawa Bandung, gari mai sanyi a kan duwatsu, har ta gina babban ofis a can daga 1920 zuwa 1924. Karayar tattalin arzikin duniya ce ta tsai da ita.

Akwai masu cewa, ko me aka ce, ai Bature ne ya gina birnin. Lissafi bai goyi bayansu ba. A ƙidayar 1930, bayan shekara 300 da ɗoriya na mulkin Holan, Bataviya da kewayenta mutum wajen rabin miliyan ne. Japan ta ci ƙasar cikin 1942 ta mai da wa garin sunan Jakarta. Ran 17 ga watan Agusta 1945 Sukarno da Hatta suka yi shelar 'yanci a ƙofar gidan Sukarno, aka yi shekara huɗu ana gwabzawa kafin Holan ta sallama a watan Disamba 1949. Daga nan ne mutane suka kwararo daga kowane tsibiri, miliyan 2.9 cikin 1961, miliyan 6.5 cikin 1980, fiye da miliyan 10 cikin 2020 a cikin iyakar birnin kawai. Abin da Holan ta bari shi ne tasha, da layin dogo, da al'adar cewa kowane kuɗi da kowace takarda sai sun bi ta wannan gari. Sauran duk 'yan ƙasa ne suka gina, da kyansa da muninsa. Saboda haka ban yarda a ɗora wa Coen dukkan laifin yau ba. Shekara 75 da ɗoriya sun isa a shimfiɗa bututu.

Sukarno mutum ne mai son abin da ido zai gani. Ya gina babban filin wasa da bashin Rasha don wasannin Asiya na 1962, da otal na zamani, da manyan tituna, ya kuma aza harsashin hasumiyar Monas mai tsawon mita 132 da masallacin Istiqlal, wanda wani Kirista mai suna Silaban ya zana, aka buɗe shi cikin 1978. Ba na raina waɗannan, ƙasar da ta fito daga bauta tana bukatar abin da za ta ɗaga kai da shi. Amma shi ma tun 1957 ya fara hangen Palangkaraya ta Borniyo a matsayin hedkwata, Suharto kuma cikin 1997 ya ware wani wuri mai suna Jonggol, duk ba su yiwu ba.

Mutum ɗaya ne na ga ya juya ya fuskanci unguwannin talakawa sosai, shi ne Ali Sadikin, hafsan sojan ruwa wanda ya yi gwamnan Jakarta daga 1966 zuwa 1977. Cikin 1969 ya fara shirin gyaran kampung. Bai rushe ba, bai kwashe mutane ba. Siminti ya zuba a lunguna, ya haƙa lambatu, ya kafa famfon unguwa da bandaki da ɗakin shan magani da makaranta, mazauna kuma suka gyara gidajensu da kuɗinsu da suka ga ba za a tashe su ba. Miliyoyin mutane suka amfana, Bankin Duniya ya shigo da rance, shirin ya ci lambar Aga Khan cikin 1980. Ba waliyyi ba ne. Ya halatta gidajen caca ya karɓi haraji a kansu, malamai suka yi masa ca, kuma suna da hujja. Ya takura wa masu keken haya, cikin 1970 ya ce ya rufe birnin ga baƙi, abin da bai hana kowa shigowa ba. Duk da haka ya nuna cewa da kuɗi kaɗan ana iya gyara wuri mutane na ciki.

Bututun ruwa dai bai bi yawan jama'a ba. Cikin 1997 Gwamnatin Suharto ta raba birnin biyu ta miƙa ruwansa ga kamfanonin waje na shekara 25, yamma ga Suez na Faransa, gabas ga Thames Water na Ingila, kowannensu da abokin tarayya daga fada, ɗaya ɗan Suharto na cikinsa, ɗaya attajirin da ya fi kusa da shi. Da wa'adin ya cika a farkon 2023, ruwan famfo bai wuce kimanin kashi biyu cikin uku na mazauna ba. To, wanda famfo bai kai gare shi ba, ko ya kai ba ya kawo ruwa, me zai yi? Talaka ya haƙa 'yar rijiya ko ya saya wurin 'yan garuwa da tsada. Masu otal da masana'antu da dogayen benaye kuwa su haƙa rijiyar burtsatse mai zurfin gaske su yi ta zuƙa dare da rana. Ƙasar wurin laka ce da koguna 13 suka tara, in an zuƙe ruwan da ke ƙarƙashinta sai ta motse ta zauna, ga kuma nauyin gini a kai, ga siminti ya rufe filayen da ruwan sama zai bi ya koma ƙasa.

Haka birnin ke nutsewa. A wuraren da abin ya fi tsanani a bakin teku an auna ƙasa tana sauka har santimita 25 a shekara, watau inci 10, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na birnin ya riga ya koma ƙasa da teku. Ana yawan ɗora laifin a kan ɗumamar duniya. Gaskiya ne teku na hawa, amma 'yan milimita ne a shekara, saukar ƙasar ta ninka shi sau da yawa. Ambaliyar watan Fabrairu 2007 ta fitar da dubban ɗaruruwan mutane daga gidajensu, ta ranar 1 ga watan Janairu 2020 ta kashe fiye da 60. Ciwon kuwa yana da magani sananne. Tokyo ma ta yi irin wannan nutsewa, hukuma ta hana zuƙar ruwan ƙasa a shekarun 1960 da 1970 bayan ta sama wa masana'antu wani ruwan, ƙasa ta tsaya.

Cikin watan Agusta 2019 Shugaba Joko Widodo, wanda shi ma ya taɓa yin gwamnan Jakarta, ya ba da sanarwar mai da hedkwata Kalimantan ta Gabas, fiye da kilomita 1,000 daga Jakarta. Aka yi doka cikin 2022, aka raɗa wa wurin suna Nusantara, aka ƙiyasta kuɗinsa rufiya tiriliyan 466, watau dala biliyan 30 da ɗoriya, da fatan 'yan kasuwa za su biya kaso mafi yawa. Kamfanin SoftBank na Japan da aka sa wa rai ya janye cikin 2022. An yi bikin 'yanci a can cikin 2024, cikin 2025 kuma Gwamnatin Shugaba Prabowo ta sa 2028 a matsayin shekarar da wurin zai zama mazaunin mulki.

Masu goyon bayan ƙaurar suna da magana mai nauyi, ba zan ɓoye ta ba. Fiye da rabin mutanen Indunusiya a Jawa su ke, sauran tsibiran sun daɗe suna kukan cewa arzikinsu Jakarta ke tafiya, kuma hedkwata a tsakiyar ƙasa tana iya sanyaya musu zuciya. Mu a nan mun san wannan hujja, ita ce ta sa Janar Murtala ya yanke shawarar barin Ikko cikin 1976, aka tare a Abuja ran 12 ga watan Disamba 1991. In don haɗin kan ƙasa ne, su suka san gidansu. Amma kada a ce don a ceci Jakarta ne. Tashin Gwamnati bai rage wa Ikko cunkoso ba, ƙaruwa ta yi ta yi, domin tasha da bankuna da kasuwa ba su tashi ba. Nusantara kanta, in komai ya tafi daidai, mutum miliyan 1.9 a ke sa ran za ta ɗauka cikin 2045. Sauran miliyan 40 fa? Abin da na ke tsoro shi ne, ran da minista da ɗan majalisa suka daina shiga ruwa da motocinsu a kan hanyar ofis, kuɗin famfo da lambatu zai ƙara wuyar fita daga baitulmali. Haka aka yi wa tsohuwar Bataviya bayan Daendels.

Ba a ce ba a yin komai ba. Birnin ya sami manyan motocin safa masu layinsu cikin 2004, da jirgin ƙarƙashin ƙasa cikin 2019. Cikin 2023 hukumar ruwa ta birni, PAM Jaya, ta karɓi aikinta daga hannun kamfanoni ta yi alkawarin kai famfo kowane gida kafin ƙarshen 2030, kuma a wannan shekara aka hana manyan benaye na wasu unguwanni zuƙar ruwan ƙasa. Wannan shi ne aikin da ya kamata a ba fifiko, a sa masa kuɗi da 'yan duba-gari masu haƙori, don doka a takarda ba ta toshe rijiya. Sai dai abin da ya fi jan bakin shugabanni shi ne wata ƙatuwar katanga ta ɗaruruwan kilomita a gaɓar arewacin Jawa, kuma tun 2014 injiniyoyin Holan ke cikin masu ba da shawara kan katangar Jakarta. Katangar da aka gina a kan ƙasa mai sauka tare da ita za ta sauka. A unguwar Muara Baru ta masunta an sha ƙara wa ta wurin tsawo. A bayanta ta wajen teku akwai wani masallaci, Wal Adhuna, wanda aka daina salla a cikinsa tun farkon shekarun 2000, ruwa na shiga ta ƙofa yana fita ta taga. Ta wajen gari kuwa, inda rufin wasu gidaje bai kai tsawon katangar ba, mutane da yawa a jarka su ke sayen ruwan sha.